Ba Ka Cikin Tsuntsu, Ba Ka Cikin Dabba: Jemage a Bakin Bahaushe da Kuma a Idon Masana

 

Mai yiwuwa ne wasu daga cikin masu sauraro su yi mamakin ganin an tara manyan mutane haka a zauren jami'a domin maganar jemage. Ba su yi laifi ba, gama Bahaushe ya daɗe da yanke wa wannan halitta hukunci. Ya ce da shi, ba ka cikin tsuntsu, ba ka cikin dabba. Ya ce mai kashi ta baki ne. In an ga mutum mai fuska biyu, wanda ba a san inda ya dosa ba, sai a jingina shi da jemage. Manufar wannan lacca ita ce a sake buɗe wannan shari'a, a nuna cewa kakanni sun lura da abin da idonsu ya gani daidai, amma hukuncin da aka gina a kai ya karkace, kuma karkacewar tana iya jawo hasara ga tukunyar miya da gonar talaka. Za a bi maganar ne ta hanyar labarin wani iyali da suka kai ziyara Gobarau a birnin Katsina.

Wani magidanci ne, ma'aikacin gwamnati, ya ɗebi iyalinsa wata ranar Asabar a farkon damina, bayan la'asar, domin ya nuna wa yara hasumiyar. Akwai mahaifiyarsa, tsohuwa mai ƙarfin hali, da babbar 'yarsa wadda ke karatun ilmin halittu a jami'a, da kuma autansa, yaro ɗan shekara tara wanda ba ya rabuwa da danƙo a aljihu. Abin da ya kai su shi ne tarihi. Hasumiyar ta ƙasa ce, tsawonta wajen ƙafa 50, watau kimanin mita 15, kuma masana tarihi da yawa suna danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, da kuma zuwan Shehu Al-Maghili Katsina wajen shekarar 1493. Ta yi aikin wurin kiran salla, ta yi na wurin hangen abokan gaba, an kuma yi karatu mai zurfi a gindinta. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, aka sake gyara ta, daga baya kuma ta shiga jerin kayan tarihin da dokar ƙasa ta tsare. Duk wannan uban ya bayyana wa yara, suka hau, suka hangi gari, suka sauko.

Ba su bar unguwar ba har rana ta yi ja. Nan fa sai wasu ƙananan abubuwa baƙaƙe suka fara fitowa daga ƙarƙashin rufin tsofaffin gidaje, suna kai da kawowa a sama cikin sauri, suna karkacewa kamar waɗanda aka tsikara. Auta ya zaro danƙo. Yayarsa ta kama hannunsa.

Tsohuwa ta ce, "Ƙyale shi mana, ke kuwa. Birbiri ne fa, me aka yi aka yi birbiri?"

Yarinya ta ce, "Kaka, wannan da kike gani uwa ce, watakila ta bar jariri a cikin rufi yana jiran nono."

Tsohuwa ta yi dariya, ta ce lalle boko ya gama da kishiyarta, tun da har tsuntsu ya fara ba da nono.

To, a nan ya kamata a tsaya, domin kuwa a nan ne tushen maganar yake. Harshen Hausa ya bambanta iri biyu: jemage, watau babban nan mai fuska kamar ta ɗan kwikwiyo, mai cin 'ya'yan itace, da birbiri, ƙaramin nan mai shiga rufin ɗaki da kogon itace da tsohuwar rijiya, mai cin ƙwari. Wannan rabo ba ƙaramar basira ba ce, gama Turanci da kalma guda ya haɗe su. Amma masana sun ƙidaya fiye da iri 1,400 a duniya, watau wajen ɗaya daga cikin biyar na dukan dabbobi masu shayarwa, kuma kimanin iri ɗari daga ciki ana samunsu a Nijeriya. Mafi ƙanƙantarsu yana ƙasar Tailan, nauyinsa wajen giram 2, bai kai sisin kwabo ba. Manyansu kuwa suna Asiya, in sun buɗe fiffike sukan wuce mita ɗaya da rabi.

Amsar karin maganar nan kuwa a fili take: jemage yana cikin dabba, ba ya cikin tsuntsu. Gashi ne a jikinsa, ba gashin tsuntsu ba. Yana da haƙora da kunnuwa a waje. Haihuwa yake yi, ba ƙwai ba, kuma yana shayarwa. Ba Turawa ne suka fara gane haka ba. Al-Jahiz na Basra, a ƙarni na 9, ya tattauna haihuwar jemage da shayarwarsa a littafinsa na dabbobi, Kitabul Hayawan. Malaman da ke jan tafsirin Jalalaini a watan azumi sun san cewa a wajen bayanin mu'ujizar Annabi Isa, alaihis salam, ta sura tsuntsu da yumɓu, jemage ne aka ambata, saboda cikar halittarsa. Shi kuwa Linnaeus, mutumin Suwidin wanda ya tsara wa halittu sunayen da ake amfani da su a makarantu, a 1758 ya sa jemage ne a aji ɗaya da biri da ɗan Adam. Daga baya an gyara, amma dai ya nuna cewa ba Bahaushe kaɗai jemage ya rikita ba.

Fiffiken nasa hannu ne. Wannan shi ne abin da yarinyar ta nuna wa ƙanenta, ta buɗe tafin hannunta a gabansa. A ɗauka yatsu huɗu sun yi tsawo har sun kai tsawon jiki, sa'an nan a shimfiɗa tantanin fata a tsakaninsu, a ja shi har zuwa ƙafa. Babban yatsa kaɗai aka bari a sake, da ɗan farce domin kama reshe. Sunan da masana suka ba dangin gaba ɗaya, da harshen Girka, ma'anarsa ke nan: hannu mai fiffike. Duk cikin dabbobi masu shayarwa babu mai tashi sama tashi na haƙiƙa sai su. Rataya da kai ƙasa kuwa, wadda ake yi wa kallon shashanci, dabara ce. Ƙafafunsa ba su da ƙarfin da za su cilla shi sama daga ƙasa kamar tsuntsu, saboda haka yakan rataya a bisa, in zai tashi sai ya saki kawai. Jijiyoyin yatsun ƙafarsa an yi su ne yadda nauyin jikinsa ke ƙara ɗaure su a reshe, ba ya kashe wani ƙarfi, har ma akan iske mataccen jemage yana nan a rataye.

Saura maganar kashi ta baki. Tsohuwa ta dage a kan wannan, ta ce da idonta ta gani a gindin kaɗanya tun tana yarinya. Gaskiya ta faɗa, ta ga wani abu. Jemage yakan tauna ɗan itace, ya matse shi a dasashi, ya haɗiye ruwan, ya tofar da tuƙar. Wannan tuƙa ita ce ake gani tana faɗowa daga bakinsa. In kuwa zai yi bayan gida, sai ya juya, ya rataya da manyan yatsunsa, kai sama, ya yi ta inda kowace dabba ke yi, sa'an nan ya koma. Ido ya ga gaskiya, fassara ce ta kuskure. Haka karin magana da yawa suke, kuma aikin ɗalibin Hausa ne ya riƙa raba abin da aka gani da abin da aka ɗora a kai, ba ya haddace su kawai domin jarrabawa ba.

Auta ya yi tambayar da ta dami masana shekara ɗari da hamsin: "Yaya, yaya suke gani a cikin duhu ba su yi karo ba?"

A shekarun 1790 wani malami a Italiya, Spallanzani, ya gano cewa birbiri ko an hana shi gani yana tashi lafiya lau. Wani kuma a Janeba, Jurine, ya toshe masa kunnuwa sai ya ga ya fara karo da abubuwa. Aka rasa bayanin wannan har zuwa wajen 1938 zuwa 1940, lokacin da Donald Griffin da Robert Galambos a Jami'ar Harvard ta Amurka suka yi amfani da na'ura suka ji abin da kunnen mutum ba ya ji. Ashe birbiri kuwwa yake yi, siririya ƙwarai, wadda ta wuce iyakar jin ɗan Adam, sa'an nan ya saurari amsa-kuwwar. Duk wanda ya taɓa leƙa rijiya ya yi magana ya ji muryarsa ta komo, ya san asalin abin. Daga lokacin da amon ya ɗauka kafin ya komo, da yadda ya sauya, birbiri ke gane nisan abu da girmansa da inda ya nufa. In ya matso kusa da ƙwaro sai ya ƙara yawan kuwwar, har ta kai fiye da ɗari a cikin daƙiƙa guda. Karkacewar nan da ake gani a sama, farauta ce. Babban jemage kuwa galibinsa ba ya wannan. Da manyan idanunsa da hancinsa yake aiki. Ba makaho ko ɗaya a cikinsu.

Ana cikin haka sai wani babban jemage ya gifta a bisa kan bedi, yana kaɗa fiffike a hankali. Uban, wanda tun ɗazu bai ce kome ba, ya bi shi da kallo. Yana da dalili. A kan teburinsa a ofis akwai fayil da ke jiran sa hannu: wasu mutane sun kawo kuka cewa jemagu sun dame su da ƙara da ƙazanta, suna neman a sare wasu manyan itatuwa, a kuma yi feshin guba a cikin silin. Sai ya tambayi 'yar tasa, in an kawar da su duka, me za a rasa?

Wannan ita ce tambayar da ta shafi ma'aikatan da ke cikin wannan zaure, kuma amsarta tana cikin kicin. Furen kuka fari ne, babba, yana reto a kan dogon sili. Da almuru yake buɗewa, yana da wari mai ƙarfi, kafin wata rana ta faɗi ya yanƙwane. Furen ɗorawa, jan nan mai kama da tuntun hula, shi ma da dare yake zubo ruwan zaƙinsa. Haka rimi. Fure ba ya ado domin banza. Wanda ya buɗe da dare, mai yawon dare yake kira. A Afirka ta Yamma jemage ne babban baƙon waɗannan furanni: yakan zo shan zaƙi, ƙurar fure ta manne a gashinsa, ya kai ta wani itace, da haka ake samun barbara har 'ya'ya su ƙullu. Masana biyu, Baker da Harris, sun tabbatar da haka a Ghana, game da ɗorawa a 1957, game da rimi a 1959. Abin sha'awa, sunan da ɗorawar ƙasar nan ke ɗauke da shi a littattafan wancan lokaci an samo shi ne daga sunayen Mungo Park da Clapperton, shi kuwa Clapperton ya ratsa Katsina a 1824. An rubuta sunan baƙon da ya kwana kaɗan ya wuce, an bar ma'aikacin da ke kwana a kan itacen kowace shekara.

Saboda haka kalwa da daddawa da garin ɗorawa suna da hannun jemage a ciki. Miyar kuka da ganye ake yi, ba da 'ya'ya ba, wannan gaskiya ne. Amma kukar da za ta gaji ta yau daga ƙwallo za ta fito. Bugu da ƙari, jemage manomi ne mai yafa iri. Babban jemagen nan mai ruwan ƙasa-ƙasa kamar kara, wanda masana ke kira Eidolon helvum, shi ne mai taruwa dubbai a kan itatuwa a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife da kuma tsakiyar birnin Accra, kuma yakan biyo damina zuwa arewa. A gandun Kasanka na ƙasar Zambiya miliyoyinsu ke haɗuwa tsakanin Oktoba da Disamba. Masu bincike da suka ɗaura wa na Accra 'yan na'urori sun iske cewa yana iya kai irin itace nisan da ya kai kilomita 75 daga inda ya ci. Babu ma'aikatar gandun daji mai motocin da za su yi wannan aiki a dare guda, kuma ba ya neman alawus. A jihar da ke bakin hamada, wadda kowace shekara ake kashe kuɗi a kan dashen itatuwa, wannan ba abin wasa ba ne.

Birbiri kuma aikinsa a gona yake. Yana cin sauro, amma kada a zuzuta, sauro kaɗan ne a cikin abincinsa. Mafi yawa ƙwarin dare ne masu haifar da tsutsar da ke ɓarnar hatsi da auduga, da buzuzu da shinge. Uwa mai shayarwa tana iya cin fiye da rabin nauyin jikinta a dare ɗaya. Amurka ta koyi darajar wannan ta hanya mai ɗaci. Daga 2006 wata cuta ta kashe miliyoyin birbiri a can. Wani bincike da Eyal Frank ya buga a mujallar Science a 2024 ya nuna cewa a gundumomin da cutar ta shiga manoma sun ƙara yawan maganin ƙwari da kimanin kashi 31 cikin ɗari, mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kusan kashi 8 cikin ɗari.

Ba za a ɓoye ɗaya gefen ba, domin masu kawo kuka ba mahaukata ba ne. Jemagu suna ɗauke da ƙwayoyin cuta. A 1956 aka fara samun wata ƙwaya 'yar'uwar ta haukan kare a jikin jemage a Legas, har aka sa mata sunan birnin. An tabbatar cewa wani jemagen kogo ne ma'ajiyar cutar Marburg, ana kuma zarginsu game da Ebola, wadda ta shigo Nijeriya a Yulin 2014 ta hanyar matafiyi, ba ta hanyar jemage ba, aka shawo kanta a Oktoban shekarar. Amma a lura da abin da ya faru a ramin haƙar ma'adinai na Kitaka a Uganda. Bayan ɓullar Marburg a 2007 aka hallaka jemagun ramin. Da wasu suka sake cika wurin, sai aka iske masu ɗauke da ƙwayar sun fi na da yawa. Hatsarin yana wajen kamawa da fiɗa da ci da tarwatsawa. Yaron da ya harbo jemage ya ɗauka da hannu ya fi wanda ya bar shi a sama shiga haɗari. Ka'idar mai sauƙi ce: kada a taɓa shi da hannu, kada a ci ɗan itacen da ya gatsa, in ya ciji mutum a wanke wurin da sabulu sosai a tafi asibiti. In birbiri ya dami gida, ana toshe kafar da yake shiga ne bayan ya fita da dare, ba a lokacin da jarirai ke ciki ba, kashinsa kuwa taki ne mai kyau.

Me ya sa har ake maganar tsare su da doka, alhali ga su nan birjik? Saboda yawan nasu yaudara ne. Ɓera kan haifi 'ya'ya da yawa sau da dama a shekara. Jemage galibi ɗa guda yake haifa a shekara. Tsawon rai ne ke cike masa gurbi, har an sami wani ɗan birbiri a Saberiya da ya kai shekara 41. Dabbar da ke haihuwa haka, in an kashe dubu a yini guda, sai an yi shekaru kafin a mayar. Kuma da yake suna taruwa wuri ɗaya, gatari guda na iya raba dubbai da mazauni. Shi ya sa ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke raguwa ta sa babban jemagen nan cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari, aka kuma ambace shi a yarjejeniyar Bonn ta 1979 kan dabbobi masu ƙaura, wadda Nijeriya ke ciki. A Ingila, tun daga dokar 1981 da waɗanda suka biyo ta, laifi ne a kashe jemage ko a lalata mazauninsa, kuma mai gyaran tsohon gini yakan nemi a duba masa rufi kafin ya fara. Ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya ta musamman a kansu a 1991. A nan gida, Dokta Iroro Tanshi ta gano wani birbiri mai guntun wutsiya a dutsen Afi na Jihar Kuros Riba a 2016, bayan an yi shekaru da dama ba a ga irinsa ba, aikin da ya jawo mata lambar Whitley a 2021.

Amma yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Bonn ba ita ce ke tsayawa a gindin rimi ranar da mai gatari ya zo ba. Gobarau tana da doka da hukuma da mai gadi, gani ɗaya za a yi a san in an taɓa ta. Kukar da ke bakin kasuwa da ɗorawar da ke gefen makaranta ba su da ko ɗaya, sai takardar da wani akawu ko sakatare ko injiniya zai sa wa hannu ko ya ƙi. Galibin irin waɗannan takardu kuwa a hannun mutanen da ke zaune a wannan zaure za su bi, ko yanzu ko nan da 'yan shekaru, kuma abin da mutum ya ji game da jemage tun yana goye shi ne zai riƙe masa alƙalami, in bai sami wani ilmi a kai ba.

Aka kira magariba, iyalin suka nufi mota. Uban ya ce ranar Litinin zai mayar da fayil ɗin, a je a dubo masa ko waɗanne irin itatuwa ne, kuma ko lokacin goyo ne, a kuma tambayi likitan dabbobi hanyar da ba ta guba ba. Tsohuwa ba ta sallama duka ba. Ta ce ta yarda da maganar nono, tun da malamai ma sun faɗa, amma maganar kashi sai ta sake dubawa da idonta. Sa'an nan ta juya ga auta ta ce, "Kai kuma maigida, miƙo danƙon nan, ni zan ajiye maka, kada ka sa daddawa ta yi tsada."